RA'AYINMU: Dodon Bango da Macijin Kusugu

Sa'ad da sinima ta fara shigowa ƙasar Hausa a zamanin mulkin Turawa, kakanninmu ba su tsaya neman aron suna ba. Suka dubi inuwoyin mutane suna kai da kawowa a jikin garu, ba jini ba tsoka, suka raɗa wa abin suna dodon bango. Gidan sinima na Rex ya buɗe a Kano cikin 1937, motar majigi ta Gwamnati kuma tana zaga birane da ƙauyuka tana nuna wa talakawa dabarun noma da tsabtar gida. A wancan zamani duk mai son ganin dodon bango sai ya yi tattaki, ya jira rana ta faɗi. Yau kuwa dodon ya sauko daga bango ya shige aljihun kowane ɗalibi. Wanda duk ya mallaki wayar salula ya zama mai kallo, ya zama mai ɗauka, ya kuma zama mai rarrabawa, ba tare da ya nemi izinin kowa ba. Wannan babban iko ne, kuma kowane iko yana tafe da alhakinsa.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne wani nau'in fim na ban tsoro da samari ke sha'awa ƙwarai, wanda za mu kira fim ɗin tsintuwa. Yadda ake shirya shi kuwa shi ne, a nuna wa mai kallo wai waɗansu mutane ne suka ɗauki kyamara suka shiga daji ko kufai neman dodo na haƙiƙa, suka ɓace, daga baya aka tsinci hoton da suka ɗauka, shi ne ake nunawa ba gyara. Hoton yana rawa, sauti yana yankewa, fitila tana mutuwa a daidai wurin da ake bukatarta, duk da gangan, domin mai kallo ya sakankance abin ya faru. Ba sai an yi duba ba, ko ba daɗe ko ba jima wani daga cikinmu zai ce, ai mu ma muna da ramin dodo, kuma ba wanda ya kai shi suna a ƙasar Hausa: rijiyar Kusugu ta birnin Daura. Mu a wannan mujalla ba mu ƙi a yi irin wannan fim ba, har ma muna maraba da shi. Amma muna da sharuɗɗa, kuma sharuɗɗan nan daga cikin labarin Kusugu ɗin kansa muka ciro su.

Bari mu fara da asalin abin, domin wanda bai san inda aka fito ba da wuya ya san inda aka dosa. Cikin 1980 wani Ba'italiye, Ruggero Deodato, ya fitar da fim mai suna Cannibal Holocaust, a kan waɗansu masu ɗaukar hoto da suka ɓace a dajin Amazon aka tsinci faifayensu. Kotu a Italiya ta ƙwace fim ɗin, aka gurfanar da mai shi, kuma dabbobin da aka kashe a cikinsa da gaske aka kashe su. Amma wanda ya sa duniya ta waiwayi wannan salo shi ne The Blair Witch Project na 1999, wanda Daniel Myrick da Eduardo Sánchez suka shirya a Amurka. Labarin ɗalibai uku ne da aka ce sun shiga dajin da ke kusa da garin Burkittsville a jihar Maryland cikin Oktoba 1994 don binciken wata mayya, ba su komo ba, bayan shekara guda aka tsinci hotunansu. Kuɗin ɗaukarsa na farko bai wuce dala dubu 60 ba, amma ya tara kusan dala miliyan 250. Sirrin cinikin kuwa shi ne talla: aka buga takardun cigiyar 'yan wasan, aka buɗe shafi a intanet mai ɗauke da rahotannin 'yan sanda na ƙarya, har mahaifiyar ɗaya daga cikinsu ta riƙa samun wasiƙun ta'aziyya alhali 'yarta tana raye.

Daga nan sai kowa ya kama. Cikin 2010 André Øvredal na ƙasar Norwe ya yi Troll Hunter, inda ɗalibai suka bi wani mutum da suke zato mafarauci ne mai karya doka, ashe ma'aikacin Gwamnati ne da aka ɗora wa aikin farautar ƙattin dodannin tatsuniyoyin ƙasarsu a asirce. Wannan fim ya kamata mu yi nazarinsa, domin mai shi bai je aron dodo a Amurka ba, na kakanninsa ya ɗauko, kuma ba wanda ya fito daga kallon yana zaton gaskiya ne. Cikin 2014 kuma Adam Green ya yi Digging Up the Marrow, ya fito da sunansa na ainihi, yana bin wani tsohon ɗan sanda da ya ce ya gano ramin da dodanni ke fitowa daga ƙarƙashin ƙasa. Mu riƙe wannan fim a zuciya, za mu komo kansa.

Akwai masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, ɗalibin da talakawa suka biya haraji aka ilmantar da shi bai kamata ya ɓuge da wasan dodo ba. Mun ji, amma ba mu yarda ba. Ban tsoro tsohuwar makaranta ce a gidan Bahaushe. Kakar da ke ba jikokinta labarin Dodo da yarinyar da ta ƙi jin magana tana koyar da su ne, kuma darasin da aka sha da faɗuwar gaba ba ya saurin gushewa. Ban da wannan, salon tsintuwa shi ne ya fi dacewa da aljihun ɗalibi, tun da ba ya bukatar manyan fitilu ko tarin ma'aikata. Adamu Halilu ya samu goyon bayan Gwamnati kafin ya mayar da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim cikin 1976, amma 'yan wasan Tumbin Giwa da suka yi Turmin Danya a Kano cikin 1990 da ɗan abin da ke hannunsu suka fara, ga shi abin ya zama sana'ar dubban mutane. Idan ba mu ba da labaranmu da bakinmu ba, wani zai zo ya ba da su da nasa, sa'an nan mu koma muna ƙorafi.

To, me ya faru a Kusugu? Kowane ɗan firamare ya san kan labarin, amma kaɗan ne ke lura da tsakiyarsa, alhali a nan hikimar take. Ruwaya ta ce Abuyazidu, wanda aka fi sani da Bayajidda, ya taso daga Bagadaza ya sauka Barno, ya auri 'yar Mai, sa'an nan ya gudo yamma. Ya bar matarsa a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja, inda ta haifi Biram, ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa wuƙa, ya iso Daura da dare ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana. Ya roƙi ruwa, ta ce masa babu, domin macijin da ke cikin rijiya, wanda ake kira Sarki, ba ya barin a ɗebi ruwa sai ranar Jumma'a. Baƙo ya karɓi guga ya tafi, ya zura, maciji ya riƙe, ya jawo shi ya datse masa kai, ya ɓoye kan a jakarsa, ya sha ruwa ya shayar da dokinsa, ya kai wa tsohuwa saura.

Da gari ya waye mutane suka tarar da gangar maciji a bakin rijiya, amma tsoro bai bar kowa ya matsa ba. A wata ruwayar an ce Galadima ya je ya hango daga nesa ya juyo, sai Ƙaura ne ya ƙarasa har ya taɓa, ya komo ya shaida wa Magajiya Daurama cewa lalle macijin ya mutu. Daurama ta yi shela, duk wanda ya yi wannan aiki za ta ba shi rabin gari. Nan fa maƙaryata suka yi ca, kowa ya zo da kan macijin da ya samo yana cewa shi ne. Sarauniya ba ta ba kowa rabin gari don ƙarfin muryarsa ba. Aka riƙa gwada kawunan da gangar jiki, ba wanda ya dace, har tsohuwa ta tuna da baƙonta, aka kira shi, ya fito da kai na gaskiya, waɗansu suka ƙara da cewa takalmin da aka tsinta a bakin rijiya ma ƙafarsa kaɗai ya shiga. Sauran labarin, auren Daurama da haihuwar Bawo da 'ya'yansa shida waɗanda tare da Biram suka zama Hausa Bakwai, wannan sananne ne.

A duba da kyau. Labarin da Hausawa suka ɗauka a matsayin tushensu, a tsakiyarsa akwai zaman tantance hujja. Akwai mai hange daga nesa ya ba da rahoto, akwai mai zuwa ya taɓa da hannunsa. Akwai masu kawo shaidar jabu, akwai hukumar da ta ce sai an gwada akan san na ƙwarai. Takalmin nan da aka tsinta a bakin rijiya shi ne tsintuwa ta farko a labarinmu, kuma mutanen Daura ba su yanke hukunci da shi ba sai da suka nemo ƙafar da ta dace. Ashe kuwa abin kunya ne a ce jikokinsu, waɗanda suka yi shekara goma sha shida a makaranta, su ne za a aiko wa hoto mai duhu ta WhatsApp a ce aljani ne aka kama, ko mage ce ta rikiɗa ta zama mace, su tura wa mutum ɗari kafin su tambayi wane gari ne, wace rana ce, wa ya ɗauka.

Mai karatu zai iya cewa, ai labarin Bayajidda ma ba tabbas gare shi ba. Gaskiya ne masana sun daɗe suna muhawara a kansa. H. R. Palmer ya buga ruwayar Daura cikin littafinsa Sudanese Memoirs a 1928, shi da W. K. R. Hallam, wanda ya yi rubutu a kan batun cikin 1966, suka alaƙanta Bayajidda da Abu Yazid, ɗan tawayen da aka kashe a Afirka ta Arewa cikin 947. Abdullahi Smith na Jami'ar Ahmadu Bello ya nuna cikin 1970 cewa daulolin Hausa sun tsiro ne a hankali daga ƙauye zuwa gari zuwa birni, ta hanyar noma da ƙira da fatauci, ba jarumi guda ne ya zo dare ɗaya ya kafa su ba, kuma Yusufu Bala Usman ya bi wannan hanya ta ƙin jingina tarihinmu ga baƙi. M. G. Smith kuma ya fitar da babban littafinsa a kan sarautar Daura cikin 1978. Wannan muhawara ita ce lafiyar ilmi. Kowane ɗayansu ya sa sunansa, ya faɗi inda ya samo maganarsa, ya bar ƙofa a buɗe ga mai son ƙaryata shi. Fim ɗin tsintuwa kuwa, in an yi shi da mugun nufi, ƙofar nan yake toshewa, domin cewa yake yi masu ɗaukar sun ɓace, ba wanda za ka tambaya.

Wannan ya kawo mu ga sharaɗi na farko: a faɗa wa mutane cewa ƙage ne. Tatsuniyar Hausa tana da gaskiyar da ya kamata mu yi koyi da ita. Mai ba da ita yana buɗewa da ga ta nan ga ta nanku, ya rufe da ƙurunƙus, har ya ambaci Gizo ya jingina masa ƙaryar, saboda kada yaro ya kwana yana zaton abin ya auku. Dokar tsintuwa ma a shari'a ita ce cigiya, watau a fito fili a bayyana. Saboda haka duk ɗalibin da zai yi fim irin wannan ya rubuta a farkonsa da ƙarshensa, da Hausa, da boko da ajami, cewa wasa ne, ya jera sunayen 'yan wasan, ya kuma sa alama a jikin hoton da ba ta gogewa. Dalili kuwa shi ne, a Amurka ta 1999 mutane a gidan sinima suka kalli fim ɗin gaba ɗayansa, mu kuwa a nan minti guda za a yanko, a raba shi da sunansa da asalinsa, a sake shi cikin wayoyi, ya isa hannun dattijon da bai taɓa jin an yi irin wannan wasa ba. Wanda ya ce faɗin gaskiya zai rage armashi, ya dubi fim ɗin Norwe da muka ambata. Gwani ba ya bukatar yaudara kafin ya sa tsikar jiki ta tashi.

Sharaɗi na biyu ya fi na farko nauyi: kada a mayar da ɗan Adam dodo. A cikin fim ɗin Adam Green, tsohon ɗan sandan yana da'awar cewa dodannin nan mutane ne da aka haifa da tawaya a halitta, jama'a ta ƙyamace su suka koma ƙarƙashin ƙasa. A can wasa ne, an yi shi da roba da fenti. A nan gida kuwa, in samari suka fita da kyamara da dare neman abin ban tsoro, wa za su tarar? Mai taɓin hankali da ke kwana a tasha, ko kuturu, ko zabiya, ko tsohuwar da 'ya'yanta suka mutu suka bar ta a kango ita kaɗai. Mun san abin da kalmar mayya ke jawo wa tsohuwa a ƙauye. Da Ayana a zamaninmu take, tsohuwa mai zaman kaɗaici wadda aka ga ruwa a randarta ranar da ba Jumma'a ba, da wane suna za a kira ta a Facebook kafin azahar?

Kada a ce muna zuzuta abu. Cikin Oktoba 2012 aka kashe ɗalibai huɗu na Jami'ar Fatakwal a Aluu bisa zargin sata, jama'a na tsaye suna ɗaukar hoto. Cikin Maris 2025 aka kashe matafiya 16 'yan Arewa, mafarauta masu komawa gida, a Uromi ta jihar Edo, bisa zargin wai masu satar mutane ne, nan ma wayoyi na sama suna ɗauka. Waɗannan su ne hotunan ban tsoro na haƙiƙa da ƙasarmu ta samar, kuma a cikinsu duka sai da aka fara raɗa wa mutum sunan dodo kafin a ɗaga masa sanda. Addininmu ya riga ya yi mana gargaɗi a aya ta 6 ta Suratul Hujurati a kan binciken labari kafin a cuci mutane cikin jahilci a komo ana nadama. Kyamarar da ba ta hana kisa ba, ta tsaya tana kallo, ita ma tana da kaso a cikin jinin.

A ƙarƙashin wannan sharaɗi akwai hakkin wuri. Garin Burkittsville mutanensa ba su kai 200 ba, amma bayan fitowar fim ɗin baƙi suka yi musu tsinke, har allunan sunan garin aka riƙa sacewa, a kan wata mayya da ba a taɓa yi ba. Kusugu tana tsakiyar birni mai rai, an gine ta an killace, baƙi daga ko'ina suna zuwa su sha ruwanta, takobin da ake jingina wa Bayajidda yana ajiye a fada, kuma kowace shekara hawan Sallar Gani yana tara jama'a a garin. Wurin yana da masu shi: masarautar Daura, ƙarƙashin Mai Martaba Sarki Alhaji Umar Faruk Umar wanda ya hau gado cikin 2007, da jama'ar unguwar da ke kewaye. Mai son ɗaukar hoto a can ya je da rana, ya yi sallama, ya faɗi nufinsa, in an hana shi ya gina tasa rijiyar ta kwali a filin makaranta. Ba a tsallaka katangar kakanni da dare da sunan fasaha.

Sharaɗi na uku shi ne wanda ya fi damunmu. In dodo na haƙiƙa muke nema, me ya kai mu nesa? Laifin macijin Kusugu a labarin guda ɗaya ne tak: ya tsare ruwa, gari guda yana shan ƙishirwa kwana shida cikin bakwai. Wannan macijin ya sha komowa cikin kamanni dabam dabam. Iyayenmu sun san kurkunu, tsutsar da ake sha a ruwan tafki da kududdufi ta cikin waɗansu ƙananan ƙwarin ruwa, ta yi kamar shekara a jikin mutum, ta kai tsawon mita guda, ta ɓullo ta ƙafa, a riƙa naɗe ta a tsinke kullum kaɗan kaɗan, manomi yana kwance gonarsa na cika da ciyawa. Binciken da aka yi tsakanin 1988 da 1989 ya gano mutum fiye da dubu 650 masu ɗauke da ita a Nijeriya, ba ƙasar da ta kai mu. Da me aka kashe wannan maciji? Da ƙyallen tace ruwa, da rijiyoyin burtsatse, da ma'aikatan lafiya na ƙauye masu bi gida gida suna ƙirga marasa lafiya, da taimakon Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon da ya yi ta zaga ƙauyuka. An ga mai cutar na ƙarshe cikin 2008, Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijeriya ta rabu da ita cikin 2013. Ga labarin kisan maciji mai ranaku da alƙaluma da shaidu da ke raye, amma ɗalibai nawa ne suka je suka ɗauki muryar waɗannan ma'aikata kafin ƙasa ta rufe musu ido?

Sauran macizan kuwa suna nan. Cikin 2021 annobar amai da gudawa ta kama mutum fiye da dubu 100 a Nijeriya ta kashe fiye da dubu 3, jihohin Arewa ciki har da Katsina su ne suka fi jin jiki, kuma sanadin sananne ne: ruwan sha da ya gauraya da bayan gida. Cikin 2010 aka gano yara sun mutu fiye da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida. Wannan dodo daga rami ya fito da gaske, ba ya ƙara ba ya gurnani, sai da aka gwada jini da ƙasa aka gane shi. Ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, watau Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure da Sandamu, suna kusa da iyakar Jamhuriyar Nijar ne, inda damina gajera ce, kuma dattawan yankin ba su mance farin 1973 da na 1984 ba. An gina madatsun ruwa irin su Sabke da Daberam da dukiyar jama'a. Tambayar da ta dace da mai kyamara ita ce, unguwa nawa ne ruwan ke isa, sau nawa a mako, nawa mai gida ke biyan 'yan garuwa a wata, kuma yarinya nawa ce ta makara zuwa makaranta saboda layin rijiya.

A nan ne maganarmu ta shafi 'yan'uwanmu da suka riga mu fita, waɗanda yanzu ke zaune a ofisoshin ma'aikatar ruwa da ta lafiya da sakatariyar ƙaramar hukuma. Hausawa suka ce rijiya ta bayar guga ya hana. Kowace takardar kammala aiki da aka sa wa hannu alhali famfon bai taɓa ɗigo ba, kan macijin jabu ne aka kawo fada, aka karɓi rabin gari da shi. Kowane rahoto da aka rubuta cikin ofis ba a je wurin ba, aikin mai hange daga nesa ne. Ƙaramin ma'aikaci zai ce ba shi da iko, umurni daga sama yake zuwa. Mun sani. Amma Ƙaura ma ba shi ya kashe maciji ba, iyakar abin da ya yi shi ne ya je, ya taɓa, ya komo ya faɗi abin da ya gani, kuma wannan ya isa a riƙa tunawa da shi. Mutanen Daura na labarin sun zauna da macijinsu har suka saba, suka tsara rayuwarsu a kan ranar Jumma'a, sai da baƙo ya zo ya tambayi dalili. Mu ba mu da wani baƙo da za mu jira daga Bagadaza. An riga an kashe kuɗi an ilmantar da mu domin mu yi wannan tambaya.

Saboda haka ga kiranmu. Ƙungiyar wasan kwaikwayo ta ɗalibai ta yi fim ɗinta na ban tsoro, ta yi shi da kyau, da dodannin tatsuniyarmu da Hausa mai daɗi, ta bayyana cewa wasa ne, kada kuma ta sa fuskar wani bawan Allah ba da yardarsa ba. Ɗaliban tarihi da na Hausa su yi amfani da hutu su je Daura da Zango da Ɓaure da Garun Gabas da Gaya, su ɗauki ruwayoyin dattawa da makaɗan fada, kowace da sunan mai ba da ita da ranar da aka ɗauka, a ajiye a laburare, domin ruwayoyin sun sha bamban kuma bambancin nan dukiya ce. Ɗaliban injiniya da na likitanci da na aikin jarida kuwa su zaɓi mazaɓa guda, su ƙirga rijiyoyin burtsatse da ke cikinta, mai aiki da matacciya, su ɗauki hoton kowace da rana tsaka, su miƙa wa kansila da shugaban ƙaramar hukuma, su bugo mana a wannan mujalla, shafukanmu a buɗe suke. Kowanenmu kuma, kafin ya tura wa wani hoton da aka aiko masa, ya yi wa kansa tambayar da Daurama ta yi wa masu kawo kawuna: shin wannan kai ya dace da gangar jikin?

Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Allah Ya ba mu ƙarfin zuciyar ƙarasawa bakin rijiya, Ya kuma ba mu gaskiyar faɗin abin da muka tarar a can. Amin.